Zongon Lome: yadda Musulunci ya bi hanyar goro har bakin teku

Zongo, ko Zango a bakin Hausawa, shi ne wurin da ayari yake sauka ya kwana. A Lome, babban birnin ƙasar Togo, sunan ya zama na unguwar baƙi Musulmi, kuma tarihinta yana nuna yadda addinin ya iso gaɓar teku: fatake da malamai ne suka kawo shi sannu a hankali, ba mayaƙa ba.

Daga arewa aka faro. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Hanyoyinsu sun ratsa arewacin Togo ta yau. A ƙarni na 18 Anufo suka kafa mulki a Sansanne-Mango, tare da malamansu. A yankin Sokode kuwa, baƙin 'yan kasuwa sun zauna a unguwar Didawure, kuma a ƙarni na 19 Musulunci ya shiga gidan sarautar Kotokoli. Duk inda madugu ya saba yada zango, akan sami liman da masallaci da makarantar allo.

Abubuwa biyu ne suka juyar da hanyar zuwa kudu. Na farko, Jamus ta kafa mulkinta a gaɓar Togo a shekarar 1884, ta ɗauki Hausawa aikin soja, sannan ta mai da Lome babban birni a 1897. Na biyu, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar goro, fatake da yawa suka koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take hannun Jamus, yanzu kuwa tana cikin Ghana. A can ne Alhaji Umaru, malami kuma marubuci haifaffen Kano, ya yi limanci har rasuwarsa a 1934. Da jirgin ƙasa ya haɗa Lome da Kpalime a 1907, da Atakpame a 1913, sai harkar fatauci ta ƙara karkata zuwa teku, Zongon Lome ya cika da Hausawa da Zabarmawa da Yarabawa da Kotokoli.

Rayuwar unguwar ta dogara ne da maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa idan an yi bashi, musamman a cinikin shanu da goro. Amana ce jarin wannan harka, addini ɗaya da harshen Hausa kuma suka ƙarfafa ta tsakanin mutanen da asalinsu ya bambanta.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, an kafa Tarayyar Musulmin Togo a 1963. Amma a 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari, aka kwashe mazaunansa zuwa yankin Agoe, a arewacin birnin. Gidajen da aka gada kaka da kakanni sun tafi, manyan gine-gine sun maye gurbinsu, sai dai sunan ya bi mutanensa. Har yau Agoe-Zongo ce masaukin baƙon da ya fito daga Nijar ko Najeriya, kuma da Hausa ake yi masa sannu da zuwa.