Gidan Tarihin Wida da Tambayar da Ya Bar Ni da Ita

Gabatarwa

A cikin 2018 wata hidima ta kai ni Kwatano, babban birnin ciniki na Jamhuriyar Benin, na sauka wurin wani kawuna da ya daɗe yana fatauci a can. Ana saura kwana biyu in komo gida sai ya dube ni ya ce, "Kai da kake fama da littattafan tarihi, ai bai kamata ka koma ba ka leƙa Wida ba." Kashegari da sassafe muka shiga mota, muka yi yamma tafiyar kilomita wajen 40. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu tarihin gidan kayan tarihi na wannan gari, da irin nune-nunen fasaha da bukukuwan da suka taso a kewayensa, sa'an nan in nuna inda al'amarin ya shafe mu, mu Hausawa.

Garin Wida da cinikin bayi

Wida, wanda Faransawa ke rubutawa Ouidah, asalinsa wani yanki ne na masarautar Hueda, wadda babban birninta yake Savi. A 1727 Sarkin Dahome, Agaja, ya ci wannan masarauta da yaƙi, daga nan garin ya zama tashar jiragen ruwan Dahome, aka naɗa masa hakimi mai sarautar Yovogan, watau mai kula da harkokin Turawa. Garin ba a kan gaɓa sosai yake ba. Tsakaninsa da teku akwai tafiyar kilomita kusan 4 ta cikin fadama, kuma saboda ƙarfin igiyar ruwa manyan jirage ba su iya matsowa, sai dai a yi ta jigilar mutane da kaya cikin kwalekwale.

Duk da wannan wahala, masana sun ƙiyasta cewa daga wajen 1670 zuwa shekarun 1860 mutum fiye da miliyan 1 aka fitar ta nan zuwa ƙasashen hayin teku. In aka ɗebe Luwanda ta Angola, da wuya a sami tashar da ta kai Wida a wannan mugun ciniki. Abin da Turawa ke kawowa a musaya ya haɗa da bindigogi, da albarushi, da tufafi, da barasa, da tabar Bahiya ta ƙasar Barazil, da kuma wuri. Mai karatu ya lura da na ƙarshen nan. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kano da Katsina, daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake ɗebo shi, kuma mai yawa daga cikinsa ta irin waɗannan tashoshi na kudu ya shigo, a matsayin kuɗin 'yan Adam.

Har bayan da Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, Wida ba ta daina ba. A zamanin nan ne wani mutumin Barazil, Francisco Félix de Souza, ya taimaki Gezo ya hau gadon sarautar Dahome a 1818, shi kuwa Gezo ya saka masa da muƙamin Chacha, ya zama babban dillalin sarki har ya rasu a 1849. Jirgin nan Clotilda, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani ya shigar da bayi Amurka, a Wida ya yi lodi a 1860.

Yadda sansanin Turawa ya zama gidan tarihi

Turawa iri uku ne suka gina sansani mai ganuwa a garin: Faransawa, da Ingilishi, da mutanen Fotugal. Na Fotugal, wanda aka gina a 1721 aka raɗa masa suna São João Baptista de Ajudá, shi ya fi daɗewa, kuma labarinsa akwai ban mamaki. Faransa ta mamaye Wida a 1892, ta mallaki Dahome baki ɗaya, amma wannan ɗan fili ya ci gaba da zama ƙasar Fotugal a tsakiyar mulkin Faransa. Dahome ta sami 'yancin kai ran 1 ga Agusta, 1960, Fotugal ta ƙi tashi. Da sabuwar gwamnati ta matsa a 1961, 'yan ma'aikatan da suka rage a ciki suka gwammace su cinna wa gidan wuta da su miƙa shi lafiya, kana aka fitar da su daga ƙasar.

A cikin wannan gida ne aka buɗe Gidan Tarihin Wida a 1967. Wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto kuma mai bincike, Pierre Verger, wanda ya yi yawancin rayuwarsa tsakanin Bahiya da wannan gaɓa, yana cikin waɗanda suka ba gidan siffarsa ta farko. Saboda haka tun daga tushe an tsara nunin ne a kan kai-da-komo tsakanin gaɓoɓi biyu na teku. Lokacin da na shiga, na ga igwoyi a tsakar gida, a ɗakuna kuma akwai taswirori da zane-zanen Turawan dā, da sarƙoƙin ɗaure bayi, da kayan da aka tono daga ƙasa, da hotuna masu kwatanta bukukuwan addinin gargajiya na nan da na Barazil da Haiti da Kuba. Mutum zai dubi hoto biyu, ɗaya daga nan, ɗaya daga hayin teku, ya ga ganga iri ɗaya da ado iri ɗaya. Bayan 2016 gwamnatin Patrice Talon ta ɗauki aikin gyara sansanin domin ya zama babban gidan tarihin bauta na duniya.

Bikin Wida 92 da aikin masu fasaha

Abin da ya fito da tarihin daga cikin ɗaki zuwa kan titi shi ne sauyin siyasa. Daga 1972 Mathieu Kérékou ya mulki ƙasar, ya ɗora ta a kan aƙidar gurguzu, ya sauya mata suna zuwa Benin a 1975, gwamnatinsa kuma ta takura wa masu addinin Vodun da sunan yaƙi da maita. Vodun, ga wanda bai sani ba, bautar iskoki ce mai kama da bori ta wasu fuskoki, amma tana da limamanta da ɗakunanta da tsarinta. Bayan babban taron ƙasa na 1990, Nicéphore Soglo ya ci zaɓe a 1991, sai ya ga a wannan gado akwai abin da zai haɗa Benin da baƙar fatan Amurka, ya kuma jawo baƙi masu kawo kuɗi.

Daga nan aka shirya bikin da ake kira Wida 92, ko da yake sai a watan Fabrairu na 1993 aka yi shi. An gayyato masu fasaha na gida da na waje aka ba su aikin ƙawata gari. Cyprien Tokoudagba, mutumin Abome wanda ya saba zane a bangayen ɗakunan bauta, ya yi mutum-mutumi na siminti masu launi. 'Yan'uwa biyu maƙera daga Porto-Novo, Théodore da Calixte Dakpogan, suka tattara tarkacen motoci da babura suka ƙera siffofin iskoki da su. Aka kafa wasu a kurmin tsafi na Kpassè, wasu a gefen hanyar da ta miƙe daga tsakiyar gari zuwa bakin ruwa.

A watan Satumba na 1994 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a nan Wida, a 1995 kuma aka buɗe babbar ƙofar nan ta bakin teku da ake kira Ƙofar Ba Komowa. A cikin shekarun nan ne kuma aka sanya ran 10 ga Janairu ta zama ranar hutu ta Vodun. Daɗin daɗawa, a 2013 Gidauniyar Zinsou ta buɗe gidan nunin fasahar zamani a wani tsohon bene mai suna Villa Ajavon, ginin 1922 irin na mutanen da suka komo daga Barazil. Cikin waɗanda aka nuna aikinsu akwai Romuald Hazoumè, mai ɗaukar tsohuwar jarka ya mai da ita fuskar mutum. Jarkokin nan kuwa irin waɗanda ake fasa-ƙwaurin fetur da su ne daga Nijeriya, ga su nan birjik a gefen hanya.

Tsakanin tarihi da tunawa

Mun bi hanyar nan da ƙafa tare da wani ɗan jagora. Ya nuna mana dandalin Chacha inda aka ce nan ake gwanjon bayi. Ya nuna mana gurbin Itacen Mantuwa, inda aka ce namiji kan kewaya sau 9, mace sau 7, domin su manta da garinsu. Gaba kaɗan ga wurin da aka ce ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin jirgi ya zo, ga kuma Itacen Komowa da ake kewayawa sau 3 domin kurwa ta dawo gida bayan mutuwa.

A nan fa ɗalibin tarihi ya kamata ya yi hattara. Masana, cikinsu har da Robin Law wanda ya wallafa tarihin garin a 2004, sun yi shakkar ingancin wasu daga cikin waɗannan wurare, suna ganin an daidaita labarinsu ne a zamanin da ake shirya hanyar. Ni dai ra'ayina shi ne, aikin mai sassaƙa daban, aikin mai tarihi daban, kuma kowa na da ranarsa. Adadin miliyan 1 na daɗe da saninsa a takarda bai hana ni barci ba, amma da na tsaya ƙarƙashin ƙofar nan na ga jerin mutane ɗaure an zana su suna fuskantar ruwa, sai na kasa magana. Duk da haka, in aka bar ɗan jagora shi kaɗai da labari, abin da aka ƙaga jiya zai zama shi ne tarihi gobe. Wajibi ne masu bincike su riƙa bin bayan masu biki suna tacewa.

Ina Hausawa a cikin wannan labari?

Nune-nunen Wida sun fi ba da ƙarfi ga Vodun, kuma ban ga laifinsu ba, don kowa gadon gidansu yake ɗagawa. Amma cikin waɗanda suka taka wannan gaɓa akwai masu salla, akwai masu jin Hausa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da rushewar daular Oyo, sun tura dubban Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa kudu, aka sayar da su ta Ikko da Badagari da Porto-Novo da Wida, yawancinsu zuwa Bahiya. A can ba su zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta gano wani shirin tawaye na bayi Hausawa a birnin Salbado, aka sake yin bore a 1809 da 1814. Sa'an nan a daren 24 zuwa 25 ga Janairu, 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmin birnin, mafi yawansu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban tawayen da ake kira na Male. An sami layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan haka aka koro 'yantattu da dama zuwa Afirka, wasunsu suka sauka Wida suka zauna a unguwar Maro.

Akwai kuma Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, wanda Turawa ke rubutawa Baquaqua. A Jugu aka haife shi, garin da ke kan hanyar fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. An fitar da shi ta gaɓar Wida wajen 1845 zuwa Barazil, ya kuɓuta a birnin Niyok a 1847, aka buga labarin rayuwarsa a 1854. Haka nan wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa ya tambaye su labarin garuruwansu, ya wallafa a 1851. To, ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa jin waɗannan mutane a aji ko a gida?

Dalilin shirunmu, a ganina, bai wuce kunya ba. Wanda zai ba da labarin Bahaushen da aka sayar a Bahiya, dole ya faɗi wanda ya kama shi da wanda ya sayar da shi tun daga gida. Harshenmu kuwa bai ɓoye ba: muna da rinji, da murgu, da fansa, da cucanawa, da ƙwarƙwara. Dokar Turawa ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Ke nan akwai tsofaffi a raye waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka ga abin da idonsu. Mutanen Wida su ma suna da wannan nauyi, don jikokin dillalai da jikokin bayi duk maƙwabtan juna ne, amma sun daure sun buɗe maganar a bainar jama'a.

Kammalawa

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu guda biyu ce. Ta farko, kowane ɗalibi in ya je hutu ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuto abin da suka sani na rinjoji da kasuwannin bayi da hanyoyin fatake, da karin magana da waƙoƙin da suka shafi bauta, ba tare da ambaton sunan gidan kowa ba, don kada a tono abin da zai ɓata zumunci. Ta biyu, a Makon Hausa mai zuwa a ware rana guda a baje abin da aka samo, a gayyato malaman tarihi da masu zane su yi mana bayani, a bar ƙofa buɗe ga mutanen gari. Tsofaffin nan kullum raguwa suke yi, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ji ƙan waɗanda suka ƙetare ba su komo ba, ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.