Ƙudan Zuman Afirka a Ƙasar Barazil: Tarihin Wani Bincike da Ya Kuɓuce wa Mai Shi

Nahiyar Amurka ba ta gaji ƙudan zuma irin wanda muka sani ba. Turawa ne suka ƙetara da shi cikin jiragen ruwa. A ƙasar Barazil an fara kiwonsa a shekarar 1839 da irin da aka kawo daga Fotugal, daga bisani kuma baƙin da suka zo daga Jamus da Italiya suka shigo da nasu. Sai dai wannan ƙuda na ƙasashen sanyi ne. A kudancin ƙasar yakan ɗan taɓuka, amma a wuraren zafi ya kasa, cuta na kama shi, zumar da yake tarawa kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Wannan ne ya sa a shekarar 1956 hukumomin ƙasar suka tura wani masanin ilmin gadon halitta, Warwick Kerr, zuwa Afirka. Manufarsa ita ce ya samo ƙudan da ya saba da rana da fari, ya haɗa shi barbara da na Turai, ko a dace da wani iri mai ƙwazon na Afirka da sanyin halin na Turai. Ya tattaro sarauniyoyi daga Afirka ta Kudu da Tanganyika, watau Tanzaniya ta yanzu, aka ajiye su a wani daji kusa da garin Rio Claro cikin jihar Sao Paulo.

Kerr ya san halin abin da ya ɗauko. Saboda haka aka sanya wa kowace amya wata raga a baki, mai ƙofofin da ma'aikatan ƙuda za su iya ratsawa, amma sarauniya ba ta iyawa saboda girmanta. A shekarar 1957 wani mai kiwon zuma da ya ziyarci wurin ya ga ragar tana takura ƙudan, sai ya cire ta da kyakkyawar niyya. Sarauniyoyi 26 suka fice da rundunoninsu suka shiga daji.

Daga nan babu wanda ya ƙara iya tare su. Ƙudan Afirka yana hayayyafa da sauri, yana yawan rabuwa ya kafa sabon gida, kuma idan abinci ya ƙare yakan yi ƙaura gaba ɗaya, abin da na Turai bai cika yi ba. Da haka suka riƙa cin ɗaruruwan kilomitoci a kowace shekara, suna barbara da ƙudan Turai suna rinjayarsa. Sun isa Fanama a 1982, suka ratsa Meziko, a watan Oktoba na 1990 kuma aka kama rukuni na farko a garin Hidalgo na jihar Texas ta Amurka.

Shekarun farko sun yi muni. Masu kiwon Barazil sun saba ajiye amya a bayan ɗaki, kusa da kaji da dawaki, suna buɗe ta da ɗan hayaƙi kaɗan. Sabon ƙudan bai yarda da wannan ba. An yi asarar dabbobi da rayukan mutane, kuma da yawa daga masu sana'ar suka watsar da ita. Jaridu suka laƙaba masa suna “ƙuda mai kisa”, har a 1978 aka yi fim a Amurka mai suna The Swarm don tsorata jama'a. Shi kuwa Kerr ya sha zargi, a daidai lokacin da yake takun saƙa da gwamnatin soja, wadda ta tsare shi a 1964 da kuma 1969.

Bincike ne ya raba gaskiya da ƙarin gishiri. An gano cewa dafin wannan ƙuda bai fi na ɗan'uwansa na Turai ƙarfi ba. Bambancin shi ne yana saurin fusata, yana fitowa da yawa a lokaci guda, kuma yana bin mutum da nisa. Da aka gane haka sai aka sake tsarin kiwon: aka nisanta amya daga gidaje da hanyoyi, aka ƙera manyan kayan hayaƙi, aka ɗinka riguna masu kauri, aka kuma riƙa zaɓen sarauniyoyi daga amyoyin da suka fi sauƙin hali.

Amfanin ƙudan ya ƙara fitowa fili sa'ad da wata 'yar kaska mai suna Varroa ta bazu a duniya daga nahiyar Asiya. Tana maƙale wa ƙuda da 'ya'yansa, tana tsotsarsu tana sa musu cuta. Ta shiga Amurka a 1987 da Ingila a 1992, inda ta tilasta wa masu kiwo zuba magani a amya kowace shekara. Ta isa Barazil tun cikin shekarun 1970, amma ba ta yi irin wannan ɓarna ba, domin jikokin ƙudan Afirka suna gano ɗakin da kaska ta shiga su fasa shi su share, kuma 'ya'yansu kan ƙyanƙyashe da wuri kafin ta gama hayayyafa. Saboda haka akasarin masu kiwon ƙasar ba su dogara da magani ba, abin da ya ba zumarsu daraja a kasuwannin waje. A shekarar 2021 zumar da Barazil ta samar ta haura tan 50,000, kuma jihohin arewa maso gabas masu fama da fari, irin su Piaui da Ceara, suna cikin manyan masu samar da ita.

Hausawa na cewa zuma da zaƙi da harbi. Ƙudan da ke cikin amyoyin da manomanmu ke ratayawa a kan ɗorawa da tsamiya, wanda masana ke kira adansonii, ɗan'uwa ne na kusa ga wanda Kerr ya ɗauka, har ma da wannan suna aka fara kiran na Barazil kafin a tantance cewa scutellata ne. Kerr ya rasu a 2018, bayan ya ga ƙasarsa ta koyi zama da ƙudan da ta taɓa tsine wa. Abin da ya rage ga jami'o'inmu shi ne su nazarci namu tun yana hannunmu, kafin wani ya rinjaye mu mu musanya shi da baƙo don kawai baƙon ya fi sanyin hali.