Raunin Garkuwar Jiki da Rigakafin Korona a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Cutar korona ta fi tsananta a jikin da garkuwarsa ta yi rauni: tana daɗewa, tana kwantar da mutum a asibiti, kuma haɗarin mutuwa ya fi yawa. Duk da haka, tun da aka fara allurar rigakafi a Nijeriya a watan Maris na 2021, ake jin ra'ayin cewa mai doguwar jinya jikinsa ba zai ɗauki allura ba. Zargin rigakafi a Arewa yana da tushe, daga gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 zuwa ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Amma ra'ayin cewa mai doguwar jinya ba zai ɗauki allura ba kuskure ne. Alluran da aka kawo, AstraZeneca da Moderna da Pfizer da Johnson & Johnson, babu wadda ke ɗauke da rayayyar ƙwayar korona.

Hanyar Bincike

An nazarci shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya da binciken da aka buga daga 2021 zuwa 2023, aka auna su da yanayin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Sakamako

Da yawa daga cikin rubuce-rubucen Turai da Amurka sun karkata ga masu dashen gaɓoɓi. Wani bincike na 2021 a Amurka ya gano cewa kashi 54 cikin ɗari ne kawai na irin waɗannan suka samar da sinadaran kariya bayan allura biyu. A watan Oktoba na shekarar, masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar ƙarin allura ga masu raunin garkuwa. Ke nan abin da suke buƙata ƙari ne, ba a tsallake su ba.

Sai dai masu raunin garkuwa a ƙasar Gumel wasu ne daban: masu ƙanjamau da suka yanke shan magani, masu sikila waɗanda saifarsu ta daina aiki, da masu sayen dexamethasone a kemis suna sha wata da watanni don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, ba su san yana danne garkuwa ba.

Batun ƙanjamau shi ne mafi muhimmanci. A Afirka ta Kudu an bi diddigin wata mai ƙanjamau mai tsanani wadda ƙwayar korona ta zauna a jikinta kwana 216, tana ta sauya kama. Da aka canza mata maganin ƙanjamau, garkuwarta ta farfaɗo, cutar ta fita. Darasin a fili yake: allura ba ta gina garkuwa daga babu, abin da ta tarar take koya wa faɗa. Mai shan maganinsa a kan kari yana amsa allura kusan kamar kowa, wanda ya yanke kuwa amsarsa ba ta da ƙarfi. Za a iya cewa Jigawa na cikin jihohin da ƙanjamau ya fi ƙaranci a ƙididdigar 2018, kuma gaskiya ne. Amma Maigatari bakin iyaka ce, tana cikin iyakoki huɗu da aka fara sake buɗewa a Disambar 2020 bayan rufe su, kuma kasuwar dabbobinta ta ranar Alhamis tana haɗa fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya. Mai yawan tafiya shi ya fi saurin ƙetare ranar karɓar magani. Don haka wurin da ya dace da allura shi ne ɗakin karɓar maganin ƙanjamau da na masu sikila, inda aka san tarihin majiyyaci, maimakon rumfar gangami da ke ƙirga kawuna.

Iyakokin Binciken

Hujjojin daga waje aka ɗauko su, kuma labarin mutum ɗaya ba ya zama ƙa'ida. Auna sinadaran kariya ma bai ƙunshi dukkan garkuwa ba, domin akwai fararen ƙwayoyin jini masu nasu aikin. Wannan bai sauya matsayin Hukumar ba, wadda a Maris na 2023 ta bar masu raunin garkuwa a sahun gaba na masu karɓar ƙarin allura.