Tarihin Auna Aidin: Daga Ruwan Teku Zuwa Gishirin Kasuwar Wudil

Aidin sinadari ne da jiki ke buƙatar ɗan ƙanƙanin kaso nasa, amma rashinsa kan haifar da maƙoƙo, wato kumburin wuya, ya kuma dakushe kaifin ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Babban rumbunsa teku ne, inda yake tashi ya bi iska har ruwan sama ya sauko da shi ƙasa, shi ya sa garuruwan da suka yi nisa da gaɓa, irin su Wudil, ba kasafai amfanin gonarsu kan wadatu da shi ba.

Bafaranshe Bernard Courtois ne ya gano shi a 1811 cikin tokar ciyawar teku, sai dai auna shi a ruwan tekun kansa ya daɗe yana gagarar masana, domin abin da ke cikin lita guda bai wuce kimanin maikurogiram 60 ba, kuma ya kasu gida biyu, ayodayid da ayodet, waɗanda gishirin ruwan ke rufe alamarsu. Hanya ta buɗe a 1922, lokacin da Jaroslav Heyrovsky ya ƙirƙiro a birnin Prague dabarar tsoma ɗigon zaiba a ruwan gwaji a bi da lantarki ta cikinsa, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1959. A kan wannan tubali George Luther da abokan aikinsa suka ɗora nasu a Amurka a 1988: a bar ayodayid ya taru a jikin ɗigon, sannan a sauya ƙarfin lantarkin ya ɓamɓaro shi, yawan lantarkin da ya gudana kuwa shi ke nuna yawan sinadarin. Daga baya aka haɗa na'urar da kwamfuta, tana ɗibar samfuri tana aunawa ba tare da hannun mutum ba.

Abin da ya iso ƙasar Hausa ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Gishirin Bilma da ayarin raƙuma suka daɗe suna kawowa Kano ba a ƙara masa aidin, gishirin teku ma, duk da asalinsa, kaɗan ne ke saura a cikinsa. Tun 1993 Najeriya ta wajabta zuba miligiram 50 na aidin a kowane kilo na gishirin ci a masana'anta, kuma gwajin da jami'an hukumar NAFDAC ke yi a kasuwa ɗigon ruwan sitaci ne da ɗan asid, wanda kan rine gishirin ya koma shuɗi idan akwai aidin, ya bar shi fari fat idan babu.