Yadda Aka Riƙa Ƙayyade Faɗin Shafi a Zamanin Internet Explorer 6

A shekarar 1998 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin tsara shafukan intanet na CSS2, waɗanda suka zo da umarni biyu, min-width da max-width. Na farko yana hana shafin intanet matsewa har rubutu ya hau kan hoto. Na biyu yana hana shi bajewa a babban allo har layuka su yi wa ido tsawo. Buƙatar ta taso ne domin allunan kwamfuta sun bambanta, wasu 800 da 600, wasu 1024 da 768.

Manhajojin buɗe shafuka Firefox da Opera sun bi ƙa'idar, amma Internet Explorer 6 da Microsoft ya fitar a 2001 bai san da zamanta ba, ga shi kuwa a lokacin shi ne a hannun mafi yawan jama'a. Dole masu tsara shafuka suka koma dabara. Wasu sukan saka siririn hoton da ba a gani mai tsayayyen faɗi, ya tokare shafin kada ya tsuke. Wasu kuma suka rungumi expression, wata hanya ta Microsoft da ke cusa lissafin JavaScript cikin CSS, ta auna faɗin taga ta zaɓi girman da ya dace. Tana aiki, sai dai ana sake lissafin ko da linzamin kwamfuta aka motsa, kwamfuta ta yi ta nauyi. Gyara ne na dole, ba mai kyau ba.

Internet Explorer 7 ya karɓi umarnin biyu a 2006, na 8 kuma ya daina amfani da expression a tsarinsa na bin ƙa'ida a 2009.