Daga Gesse zuwa duniyar Mars

Yau da asuba sanyin hunturu ya hana ni sakat a nan Gesse, sai na tuna da duniyar Mars. A 1976 kumbon Amurka, Viking 1, ya sauka can ya fara auna yanayinta. Matsakaicin sanyinta kusan digiri 60 ne ƙasa da sifili. Iskarta ba ta da kauri, ba ta riƙe zafi; rana na faɗuwa sanyi zai rufto. A 2018 ƙura, irin hazonmu amma ta game duniyar, ta rufe rana, motar bincike Opportunity mai aiki da hasken rana ta yi shiru ke nan.

To, masu son zama can fa? Cikin shawarwarin masana akwai lulluɓe ɗakuna da ƙasar wurin. Jama'a, ai dabarar kakanninmu ke nan! Ku tuna tsofaffin sorayen Argungu: katangar ƙasa mai kauri ta sha zafin rana, da dare ta sake shi sannu a hankali. Mu kuwa mun koma bulo da kwano, bazara mu gasu, hunturu mu yi ta makyarkyata. Maginan gargajiya suna ƙarewa. Wa zai gaje su?