Yadda Dattawan Chicago Suka Gaji Son Ƙungiyar Cubs

A 1908 ƙungiyar besbol ta Chicago Cubs ta ɗauki kofin World Series, wanda babu kamarsa a wannan wasa a Amurka, kuma ba ta sake ɗaukarsa ba sai 2016. Cikin waɗannan shekaru 108 an haifi mutane, sun yi aure, sun ga jikoki, sun koma ga Mahaliccinsu ba tare da ƙungiyarsu ta faranta musu rai da kofi ba. Duk da haka dattawan birnin, maza da mata, ba su juya mata baya ba. Tunda nasara ba ta samu ba, sai a nemi tushen wannan so a wani wuri, kuma tarihi ya nuna cewa rediyo da wasan rana ne suka shigar da ƙungiyar cikin harkokin gida na kullum, har sonta ya zama gado.

A shekarun 1920 masu ƙungiyoyi da yawa suna tsoron rediyo, suna ganin wanda ya ji wasa kyauta a ɗakinsa ba zai sayi tikiti ba. William Wrigley, attajirin cingam da ya mallaki Cubs, ya ga akasin haka. Ya bar tashoshin Chicago su watsa wasannin gida ba tare da sun biya ko sisi ba, ya kuma riƙe al'adar ranar mata, wadda ake barin su shiga fili kyauta. A 1929 'yan kallo sun kusan kai miliyan ɗaya da rabi a filin Wrigley, filin wasan ƙungiyar. Matar da ta saba jin wasa tana aikin gida ita ce ta koya wa 'ya'yanta sunayen 'yan wasa, shi ya sa a gidaje da dama uwa ce tushen wannan goyon baya.

Sai kuma batun lokaci. Kakar besbol tana farawa a bazara ta kai kaka, wasa 154 a da, daga 1962 kuma 162 a rukunin da Cubs take, wato kusan kowace rana. Filin Wrigley bai sami fitilun wasan dare ba sai watan Agusta na 1988, don haka kafin lokacin wasannin gida duk da rana ake yi. Tashar talabijin ta WGN ta fara nuna su a 1948. Yaro ya dawo daga makaranta ya tarar da wasa bai ƙare ba, ya zauna kusa da kakansa ya kalli Ernie Banks, baƙar fata na farko da ya buga wa ƙungiyar, wanda ya yi mata wasa daga 1953 zuwa 1971 bai taɓa taka World Series ba. Da WGN ta hau tauraron ɗan'adam a 1978, masu ritaya a jihohi masu nisa su ma suka sami abokin hira na la'asar.

Wasu za su ce rashin nasarar ne kansa ya jawo tausayi, tausayi ya zama so. To, ƙungiyar besbol ta White Sox a birni ɗaya suke da Cubs, sun jira kofi daga 1917 zuwa 2005, amma ba su tara masoya a faɗin ƙasar kamar Cubs ba, ka ga wahala kaɗai ba ta wadatar ba. Wasu kuma za su ce dabarar kasuwanci ce kawai, biyayyar ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, domin a 1966, da ƙungiyar ta sha kashi sau 103, kujerun filin sun zama wayam. Wannan gaskiya ne, kuma Wrigley ba sadaka ya yi ba. Sai dai ƙin sayen tikiti daban, sauya ƙungiya daban. Wanda ya yi fushi ya zauna a gida, akwatin talabijin ɗinsa a kunne yake, 'ya'yansa suna kallo tare da shi.

Abin da ya biyo bayan nasarar 2 ga Nuwamba 2016, ranar da Cubs ta doke Cleveland da ci 8 da 7 a wasa na bakwai kuma na ƙarshe na World Series, ya ƙarfafa wannan hujja. Jama'a sun cika bangon filin Wrigley da sunayen iyaye da kakannin da suka rasu, da alli suka rubuta, wasu kuma suka kai hulunan ƙungiyar makabarta. Murnar ta dangi ce kafin ta zama ta wasa. Amma sharuɗɗan da suka haifar da ita suna gushewa. Wasannin dare sun yawaita, WGN ta daina nuna Cubs a 2019, daga 2020 kuma yawancin wasannin suka koma tashar Marquee ta biyan kuɗi. Ƙungiyar da ta rufe ƙofar kyauta ga yara tana samun riba a yau, amma da wuya ta tara irin dattawan da za su jure mata shekara tamanin.